Ido Na Kowa, Alƙalami Na Mutum Biyu

Da can littafin ƙungiya a aljihun ma'aji yake kwana. Ko adashen mata ne a Barkiya, ko ƙungiyar masu noman rani a gefen Dam ɗin Zobe da aka gama ginawa a 1983, sai ranar taro ake buɗe shi, a karanto wanda ya zuba da wanda ake bi. Yanzu samarin da suka fito daga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, su ake ɗora wa sakatarci, kuma wasunsu sun kwashe littafin sun zuba a waya. Jadawali ne a Google Sheets, sunaye a jere, kuɗi a gefe, sai a jefa mahaɗinsa a zauren WhatsApp.

In za ka raba jadawalin, manhajar takan tambaye ka matsayin da za ka ba mutum, kuma uku ne: mai kallo, mai tsokaci, mai gyara. Sakatare mai kara, gudun kada a ce yaro ya raina manya, sai ya ba kowa na ukun. Daga nan ba sai an samu ɓarawo ba. Baba ya buɗe a ƙaramar wayarsa yana laluben sunansa, yatsa ya zame, naira 50,000 ta koma 5,000, ko layin wani ya shafe ɗungurungum. Jadawalin kuwa nan take yake adanawa, ba ruwansa da ko ganganci ne ko kuskure. Taro na gaba sai rantse-rantse. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. To, ban da littafin kuɗi.

Wasu kuma don gudun haka sukan kulle shi gaba ɗaya, su riƙa turo hoton shafi ɗaya ƙarshen wata. A ganina wannan ya fi muni, domin lamba in ta goge ana iya maido ta, amma zargi in ya shiga ƙungiya da wuya ya fita. Wanda ya zuba kuɗinsa yana da haƙƙin ya buɗe ya ga sunansa ko da tsakar dare ne, ba tare da ya roƙi kowa ba.

Abin lura shi ne, gani haƙƙi ne daban, rubutu kuma amana ce daban. Makarantunmu sun daɗe da sanin haka. Allon sanarwa mai gilashi kowa na tsayawa ya karanta sakamakonsa, mabuɗin kwaɗon yana ofis, wanda ya ga an rage masa maki ya shigar da koke. Haka hukumar zaɓe ta INEC ta yi a Nuwamban 2022: ta baje rajistar masu zaɓe a mazaɓu da intanet, jama'a suka tono sunayen da aka maimaita da hotunan ƙananan yara, amma hukumar kaɗai ke da ikon gogewa. Matsayin mai tsokaci ke nan. Mutum ya manna ƙorafinsa a kan lambar da bai yarda da ita ba, kowa ya gani, lambar kuma tana nan har mai alƙalami ya duba rasit.

Masu alƙalamin su zama biyu, ma'aji da sakatare, kowa da adireshinsa na imel, domin tarihin sauye-sauyen jadawalin yana nuna wanda ya taɓa shi da lokacin da ya taɓa. In an bar gyara ga duk mai mahaɗi, wanda ya shigo ba rajista ba za a ga sunansa ba, shaidar ta tashi a banza. A kuma sani, mai gyara yana iya ƙara wasu mutane in ba mai jadawalin ya toshe masa wannan ba.

Kallon ma da iyakarsa. Mai kallo yana iya kwafe jadawalin ko ya sauke shi, sai in an kashe wannan damar, hoton allon waya kuwa ba mai iya hanawa. A yankinmu na Kurfi da Dutsin-Ma, inda masu garkuwa da mutane ke da masu kai musu rahoto, takardar da ke nuna wane ya kwashi adashen miliyan ɗaya jiya, ga lambar wayarsa a gefe, bai kamata ta yi yawo a zaurukan da ba a san su wa ke ciki ba. A raba wa 'yan ƙungiya da sunayensu, lambobin waya da na asusu a ware su a wani jadawalin.

Ɗan'uwa sakatare, buɗe jerin masu ikon gyara yau ka duba. In tsohon ma'ajin da ya sauka bara yana nan, ka mayar da shi mai kallo kafin taro na gaba.