Shin Hassada Tana Ƙaryata Abota?

Gajerun labaran da ake rubutawa kan 'yan sakandare suna yawan komawa wuri guda. Ƙawaye biyu a makarantar kwana, gadonsu kusa da juna, garin kwakinsu ɗaya, sai a karanta sakamako a gaban ɗalibai, ɗaya ta zo ta farko, ko a naɗa ta shugabar ɗalibai, ɗayar kuma ta fara jin wani abu yana cin ta a rai. Daga nan marubuci sai ya yanke hukunci: dama can munafuka ce, ba ta taɓa son ƙawar tata ba. A ganina hukuncin nan bai dace da halin ɗan Adam ba, kuma bai dace da abin da malaman tarbiyyar zuciya suka rubuta ba. Yarinyar tana iya son ƙawarta da gaske, kuma kusancin nan nasu shi ne ya buɗe wa hassadar ƙofa.

Aristotle, a littafinsa kan fasahar magana, ya lura cewa mutum yana hassadar wanda ke kusa da shi ne a shekaru da wuri da matsayi. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya faɗi kusan haka a Ihya'u Ulumiddin: hassada ta fi yawa tsakanin tsara da 'yan uwa da masu sana'a ɗaya, domin abin da suke nema ɗaya ne, malami yana hassadar malami, ɗan kasuwa yana hassadar ɗan kasuwa. To ina aka fi tara tsara masu neman abu ɗaya kamar aji? Malami ɗaya, WAEC ɗaya, JAMB ɗaya, ga iyaye a gida suna cewa ba ki ga 'yar wance ba. Ɗalibar da ta ci gasa a wata jiha ba ta hana kowa barci. Wadda kuka kwana kuna bita tare ita ce nasararta ke zama ma'aunin gazawarki.

Za a ce marubucin da ya shiga zuciyar mai hassada ya tausaya mata yana sauƙaƙa zunubi ne a idon matasa, alhali Alƙur'ani ya umarce mu da neman tsari daga sharrin mai hassada. Maganar tana da nauyi, amma a dubi yadda Suratu Yusuf ta bi da 'yan uwan Annabi Yusuf, alaihis salam. An shigar da mu cikin shawararsu, mun ji ƙorafinsu cewa mahaifinsu ya fi son Yusuf da ɗan uwansa, mun ji ɗayansu ya hana a kashe shi, mun ma ji suna yi wa kansu alkawarin shiryuwa bayan sun aikata laifin. Wannan bai wanke su ba. Sai dai ya nuna yadda laifin ke ƙulluwa mataki-mataki a zukatan mutanen gida ɗaya, kuma a ƙarshe sun amsa kuskurensu an yafe musu. Labarin da ya mayar da mai hassada dodo ba ya tsoratar da kowa, domin kowace mai karatu za ta ɗauki kanta a matsayin wadda ake yi wa hassadar. Karin maganarmu na cewa hassada ga mai rabo taki ce ma haka yake: kowa ya faɗe shi, kansa yake nufi da mai rabon.

Wani zai ƙara da cewa so na gaskiya yana murna da alherin masoyi, don haka inda hassada ta shiga so ya fita. Wannan siffar cikakken so ce, ba ta 'yar shekara 15 ba. Ghazali ya raba al'amarin uku. Akwai wanda ɗabi'arsa ke ƙin ni'imar wani amma yana ƙyamar hakan daga kansa, wannan an yi masa uzuri. Akwai wanda ya yarda da hassadar har ta fito a harshe ko a aiki, wannan haramun ne ba tantama. Sai na tsakiya, wanda ya kame gaɓoɓinsa amma bai ƙyamaci abin a zuci ba, a kansa malamai suka saɓa, shi Ghazali kuwa yana ganin bai kuɓuta daga laifi ba. Rukunin farko ba zai samu ba sai in so da hassada suna iya zama a ƙirji ɗaya, domin me ke sa yarinyar ta tsani abin da take ji in ba ƙaunar ƙawarta da tsoron Allah ba? Nan ne ya kamata marubuci ya tsaya ya daɗe, a daren da ta ga littafin Kimiyyar ƙawarta a ƙarƙashin matashi ana gobe jarrabawa, kafin ta yanke ko za ta ɓoye shi. Yawancin labaran suna tsallake daren ne su garzaya wurin tonon asiri a ofishin shugabar makaranta.