Sandar Tsaro, Daga Hannun Dogari Zuwa Hannun Ɗan Sanda

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda a Suratu Ƙuraishi Ya jera ni'imar aminci kusa da ni'imar abinci, domin bawa ya gane cewa cikar rumbu ba ta amfanar wanda tsoro ya hana shi barci. Yana kuma daga hikimarSa mai zurfi cewa bai zubo mana wannan aminci daga sama kamar ruwan damina ba, sai Ya rataya shi a wuyan wasu bayi masu rauni irinmu, ya zame musu amana, ya zame mana jarrabawa.

Kakanninmu sun san dogarai, masu kama ɓarawo, masu zartar da hukuncin alƙali da umarnin sarki. Da Turawa suka kama Legas a 1861, ba su jima ba suka kafa runduna mai ɗauke da makamai da suka laƙaba wa sunan Hausawa, galibinta bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu, aka sa su tsaron mutanen da ba su haɗa harshe ba. Baƙon da ba shi da dangi a gari, ai ba ya jin nauyin kowa. A Arewa kuwa suka bar wa sarakuna 'yan dokar En'e, sa'annan a 1930 suka haɗe 'yan sandan gwamnati na Kudu da na Arewa suka zama runduna guda. Haka muka karɓi mulkin kai a 1960 da sanduna biyu a ƙasa ɗaya.

Ɗan doka ɗan gari ne. Ya san lungu da saƙo, ya san mai unguwa, ya san gidan da ake ɓoye kayan sata, kuma muƙamin shugabansa yana da daraja har 'ya'yan sarki ke riƙe shi: Alhaji Ado Bayero ya yi Wakilin Doka a Kano kafin ya hau gadon sarauta a 1963. Sai dai wannan kusanci da ya zama albarkarsa, shi ne ya zama fitinarsa. Da siyasar jam'iyyu ta kankama, magoya bayan NEPU ta Malam Aminu Kano sun sha kamu da bulala da ɗauri a hannun 'yan doka, sau da yawa ba da wani laifi ba face saɓanin ra'ayi, kuma adalci ya wajabta mana mu faɗi haka ko da muna ƙaunar gidajen sarautarmu.

Bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka narkar da 'yan doka cikin rundunar tarayya, daga bisani sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda bayan ita. An yi maganin zaluncin na kusa, sai ga mu da nisan baƙo: jami'in da aka turo ƙauyen Zamfara daga wata uwa duniya, bai san daji ba, bai ji yaren mai ƙara ba, umarninsa kuma daga Abuja yake fitowa. Al'umma ba ta iya zama da giɓi, shi ya sa Kano ta kafa Hisba da doka a 2003, matasan Maiduguri suka fito da ƙato-da-gora a 2013, 'yan sa-kai suka bazu a dazukan Arewa maso yamma, wasunsu suka tsare rayuka, wasunsu suka zubar da jinin da Allah Ya haramta. Gwamnonin da ke neman a ba jihohi 'yan sandansu suna da hujja mai ƙarfi, amma dattawan da suka ɗanɗana bulalar ɗan doka suna tambayar wa zai riƙe hannun gwamna ranar zaɓe.