Kafin Ka Haƙa Tafki a Bayan Gida

Karatu: Luka 14:28-30, Maimaitawar Shari'a 22:8



Wata Lahadi bayan an tashi sujada, wani ɗan'uwa ya ja ni gefe, ya buɗe wayarsa ya nuna mini hoton gidan da yake ginawa a bayan garin Kaduna. Na san shi tun yana haya a ɗaki ɗaya, yana sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Mun yi azumi tare, mun yi kuka tare, Ubangiji kuwa ya buɗe masa ƙofa. Ya ce mini, "Mai bishara, akwai sauran fili a bayan gidan. Ina so in yi tafkin iyo, irin wanda ake gani a manyan otal. Uwargida ta ce almubazzaranci ne, ni kuwa na ce albarkar Ubangiji ce. Gaya mini gaskiya, zunubi ne?"

Na ce masa, "A'a, ɗan'uwa, ba zunubi ba ne." Fuskarsa ta washe. Sai na ƙara da cewa, "Amma tambayarka ta yi ƙanƙanta. Zauna mu faɗaɗa ta." Abin da muka tattauna ran nan a ƙarƙashin darbejiya, shi na kawo maka yau.

Na san abin da kake faɗa a ranka: "Ni da kuɗin haya ke hana ni barci, ina ruwana da tafkin iyo?" Yi haƙuri ka ci gaba da karatu, domin kowa yana da nasa tafkin. Na wani mota ce ta biyu, na wata lefen kece raini ne, na wani kuma wayar da ta fi albashinsa na wata uku. Abu ne da ba dole ba, ba a kuwa hana shi ba. Yawancin shawarwarin da mai bi yake yankewa a rayuwa suna cikin wannan fili ne, inda babu doka mai cewa yi ko bari. A nan ne ake gane wanda ya girma cikin bangaskiya, domin yaro ne yake tsayawa a kan "an hana ko ba a hana ba".

Mu fara ba tafki haƙƙinsa. Iyo motsa jiki ne mai kyau, musamman ga mai ciwon gwiwa ko baya, domin ruwa yana ɗauke wa gaɓoɓi nauyin jiki. Yaron da ya koyi iyo ya sami abin da zai iya ceton ransa wata rana. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi yakan kai digiri 40 a garuruwanmu na arewa, wanda ya shiga ruwa da yamma ya san daɗin da ya ji. Mu da muke baftisma ta nitsarwa, sau nawa muka yi ta yawon neman ruwa mai tsabta da rani? Allahnmu ba maƙiyin jin daɗin 'ya'yansa ba ne. Ka kuma tuna, a Betanya, wanda ya yi gunaguni a kan turare mai tsada da aka zuba wa Ubangiji, yana fakewa da talakawa, Yahuza ne, ba kuwa tausayi ne ya sa shi magana ba. Saboda haka in ka ga tafki a gidan ɗan'uwanka, kada ka yi saurin yanke masa hukunci. Ka fara bincika ko abin da kake kira kishin gaskiya ba hassada ba ce ta sa rigar sujada.

To, in ba zunubi ba ne, me ya rage? Abin da ya rage shi ne lissafi. A karatunmu na yau Ubangiji ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya zauna tukuna ya ga ko abin hannunsa zai kai shi ƙarshe. Da yawanmu muna karanta wannan mu ɗauka maganar siminti da rodi ce kawai. Ɗan'uwan nan ma haka ya ɗauka. Ya riga ya san kuɗin haƙa, da na tayil, da na injin tace ruwa. Abin da bai sa a takardarsa ba guda uku ne.

Na fari, ruwan da kansa. Na ce ya ɗauki biro. Tafki matsakaici mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfin mita ɗaya da rabi, yana cin lita 48,000. Jarka mai lita 25 guda 1,920 ke nan. In kurar mai ruwa tana ɗaukar jarka 12, sai ya yi sawu 160 kafin ya cika maka shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum yana bukatar lita 50 zuwa 100 a rana domin sha da girki da wanka da wanki. A kan lita 50, gida mai mutum takwas zai yi wata huɗu cur yana amfani da wannan ruwa. Ba a nan ya ƙare ba. In rana da iskar hunturu suka sha rabin santimita kaɗai daga saman tafkin, lita 160 sun tafi a yini ɗaya, fiye da jarka shida. Injin tacewa kuma sai ya yi awoyi yana aiki kullum, da wutar gwamnati ko da janareta, ga sinadarin kulorin da ba ya yankewa. Ka yi sakaci na 'yan kwanaki, ruwan ya zama kore, ya koma gidan sauro, a ƙasar da take ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya.

Ya ce, "Ai na haƙa burtsatse, ruwana ne." Na ce, "Burtsatsen naka ne, amma ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa bai san inda katangarka ta tsaya ba." Yakan faru mai zurfin rijiya ya yi ta zuƙa, rijiyar maƙwabcinsa marar zurfi ta ƙafe tun kafin damina ta sauka. A shekarar 2018, da fari ya tsananta a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, hukuma ta ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, ta kuma hana cika tafkunan gida da ruwan famfo. Masu kuɗi da talakawa suka gane cewa madatsa ɗaya suke sha. Mai bi bai kamata ya jira hukuma ta koya masa wannan ba. Tambayi kanka: ranar da matan unguwa za su wuce ƙofar gidana da bokiti a ka, suna jin ƙarar 'ya'yana cikin ruwa, zan iya fitowa in gaishe su ba tare da na sunkuyar da kai ba?

Na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne ran yaro. Dokar da muka karanta a Maimaitawar Shari'a ta umarci mai sabon gida ya yi wa rufin soronsa rawani, don kada wani ya faɗo, alhakin jini ya hau gidan. A Fitowa sura 21 kuma, wanda ya haƙa rami ya bar shi a buɗe, dabbar wani ta faɗa, shi ne zai biya. Lura da kyau: dokar ba ta hana hawa soro ba, ba ta hana haƙa rami ba. Cewa ta yi duk wanda ya kawo haɗari cikin duniya, shi zai ɗauki nauyin tsare mutane daga gare shi. Ba a karɓar "ban yi nufi ba" a wannan shari'a.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane kusan 236,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a shekarar 2019, ƙananan yara masu shekara ɗaya zuwa huɗu kuwa suna cikin waɗanda abin ya fi ci. A Amurka, inda tafkin bayan gida ya yawaita, nutsewa ce ta fi kowane abu kashe yaran wannan shekaru. Abin da ya sa haɗarin ya yi muni shi ne yaro ba ya ihu in yana nutsewa. Shiru yake tafiya, cikin ɗan lokacin da uwarsa ta shiga kicin ta sauke tukunya. Saboda haka Faransa ta kafa doka a 2003 cewa kowane tafkin gida da aka haƙa a ƙasa sai an sa masa abin kariya, ko shinge, ko murfi, ko ƙararrawa. A Ostareliya ana tilasta shinge mai tsayin aƙalla mita 1.2, da ƙofa mai rufe kanta. Shingen da ya fi tsaro shi ne wanda ya kewaye tafkin ta kowane gefe, har ya raba shi da ɗakunan gidan. Musa ya rubuta tushen wannan doka tun kafin a san waɗannan ƙasashe.

Na tambayi ɗan'uwan shekarun autarsa. Ya ce biyu. Na tambaye shi ko mai gadin da zai ɗauka yana da 'ya'ya. Na tambaye shi ko yaran unguwa, in suka ji labarin ruwa a bayan katanga, za su nemi izini kafin su haura. Ya yi shiru. Da na sani ƙeya ce, ƙaunatacce, a baya take. Akwai asarar da kuɗi ba ya mayarwa, akwai kuma ta'aziyyar da ba na fata in je yi a gidan kowa.

Kai ma da ba ka da tafki, wannan magana ta shafe ka yau ɗin nan. Rijiyar tsakar gidanku tana da murfi mai makulli? Ramin sokawen da aka haƙa aka bari saboda kuɗi sun ƙare fa? Bahon wanki da aka bari cike da ruwa a inda jariri yake rarrafe fa? Ruwa kaɗan ya isa ya ɗauke ran jariri. Kada ka yi addu'ar tsari da safe sa'an nan ka bar rami a buɗe da rana. Wannan gwada Ubangiji ne, ba bangaskiya ba.

Na uku, zuciya. Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin sarakuna biyu da suka yi tafkuna. Sulemanu, a Mai Hadishi sura 2, ya lissafa gidaje da gonaki da lambuna da tafkunan da ya yi wa kansa, daga ƙarshe ya duba duka ya ga ba su ƙosar da shi ba. Hezekiya kuwa ya yi tafki da hanyar ruwa ta ƙarƙashin dutse, mai tsawon fiye da mita 500, daga maɓuɓɓugar Gihon zuwa cikin Urushalima, domin mutanen birnin su sami abin sha in maƙiyi ya kewaye su. Har yau ruwa yana gudana a wannan hanya, yana fita a Siluwam, wurin da Yesu ya aiki makaho ya je ya wanke ido. Dukansu biyu sun haƙa, dukansu sun kashe dukiya. Bambancin yana cikin amsar tambaya ɗaya: domin wa?

Sai na tambaye shi kai tsaye, "Ka iya iyo?" Ya yi dariya ya ce a'a. "Uwargida fa?" A'a. "To, wa zai shiga?" Ya daɗe kafin ya amsa, amsar kuwa ta gaskiya ce. Ya ce a shekarun da yake haya akwai 'yan'uwan da suka raina shi, yana so su zo su gani. Ban yi masa faɗa ba, domin na san wannan ciwo a cikin nawa ƙirji. Amma na gaya masa raini ba ya wankuwa da lita 48,000. Wanda ya yi gini domin ya rufe bakin mutane ya mai da su iyayen gijinsa, kowane wata kuwa zai riƙa biya musu kuɗin dizal.

Wataƙila ka ce, "In haka ne, ba wanda zai ci nama muddin akwai mai jin yunwa a gari." Ba haka nake koyarwa ba. Ba a ce sai ka warware talaucin duniya kafin ka huta a gidanka ba. Maganar jeri ce, me ya kamata ya riga me. Shinge kafin tayil. Maƙwabci kafin baƙon da kake so ka burge. Kuɗin makarantar yara da bashin da ke wuyanka kafin abin shaƙatawa. Yardar matarka kafin sa hannun ɗan kwangila, domin ita ce za ta kwana da fargaba. In waɗannan sun zauna daidai, zuciyarka kuma ba ta zarge ka a gaban Ubangiji ba, yi tafkinka, ka gode masa, ka buɗe ƙofa yaran ikilisiya su koyi iyo a gaban manya.

Bayan makonni ɗan'uwan ya same ni. Shi da uwargida sun zauna sun yanke shawara: ba za a haƙa komai ba sai auta ta girma ta koyi iyo, ranar da za a haƙa kuwa kuɗin shinge ne zai fara shiga lissafi. Kafin nan ya ja bututu daga tankinsa ya fito da famfo biyu a wajen katanga, ana buɗewa safe da yamma. Filin bayan gida yana nan, an shuka gwanda a gefe.

Kai fa, mene ne naka tafkin? Rubuta shi a takarda yau. A ƙarƙashinsa ka rubuta sunan wanda zai iya cutuwa da shi, da wanda zai rasa wani abu saboda shi, da wanda kake so ya gani. Ka kai takardar gaban Ubangiji kafin ka kai kuɗi kasuwa.

Addu'a: Ya Uba, na gode maka domin kowane abu mai kyau da ka sa a hannuna. Ka ba ni idon da zai ga yaron da ke kusa da ramina, da maƙwabcin da ke bayan katangata. Ka warkar da ni daga son a gani. Ka koya mini yin lissafi da tsoronka kafin in sa hannu ga kowane aiki. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.