Mawaƙin da ya Ƙi Yaƙi: Ina Amfanin Alƙalaminsa?

'Yan'uwa ɗalibai, ga tambayar da nake so mu tattauna: idan waƙa ba ta hana yaƙi ba, ina amfaninta?

Mu ɗauki Siegfried Sassoon, sha'irin Ingila. Jarumin soja ne a Yaƙin Duniya na Farko, har ya sami lambar yabo a 1916. Amma a 1917 ya rubuta takarda yana zargin masu mulki da tsawaita yaƙin da gangan. Maimakon a kai shi kotun soja, sai aka ce razanar yaƙi ce ta taɓa shi, aka tura shi asibiti. A 1918 ya fitar da diwaninsa, Counter-Attack, inda ya siffanta gawawwaki cikin taɓo, ya kuma yi wa manyan hafsoshi zambo.

Mai suka zai ce: ai shi kansa ya koma fagen fama a 1918, kuma a 1939 wani yaƙin da ya fi muni ya ɓarke. Ashe aikin banza ya yi?

Ni ban yarda ba. Yaƙi ba ya tafiya sai da maroƙa masu yi masa kirari, su sa saurayi ya ɗauki mutuwa ado. Sassoon ya ƙi wannan kirarin, ya faɗi abin da idonsa ya gani. Komawarsa ma don yaransa ne da ya bari a ramuka. Wanda ya karanta diwanin nan, in ma ya tafi yaƙi, ba a rufe masa ido ba. Ba da shaida ta gaskiya wajibi ne, ko da alƙali ya ƙi karɓa.