Kunya ko Ƙauna?

A wurinmu ana yabon mai kunya da kara, ya kuwa cancanci yabo. Amma me fasto zai yi idan dattijon ikkilisiya, wanda ya isa ya haife shi, ya zo neman shawara kan rashin salama a gidansa, alhali an san shi ne yake dukan matarsa? In ya yi masa addu'a kawai ya sallame shi, ya tsare kunya, amma matar ce za ta biya da jikinta.

Mu dubi annabi Natan cikin 2 Sama'ila sura 12. Dawuda sarki ne, ya riga ya sa an kashe Uriya. Natan ya fara da labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiya guda ta matalauci, har Dawuda ya husata, ya yanke hukunci da bakinsa. Sa'an nan ya faɗa masa a fili cewa shi ne mutumin. Da ya tsaya a kan labarin, da Dawuda ya kwana yana la'antar wani.

A nan ne yawancinmu muke kasawa. Mun iya habaici daga kan mumbari, kowa ya gane da wa ake, mai laifin kuwa ya fita da taurin zuciya. Matiyu 18:15 ya ce a fara samun ɗan'uwan a keɓe. Sai faston ya zauna da dattijon su biyu, ya kira shi Baba, ya ambaci dukan da sunansa, ya saurari amsarsa, ya kuma sa ranar da zai koma gidan ya ji ta bakin matar.