Layin Waya na eSIM da Hukuncin Matafiyi

eSIM layin waya ne da ba shi da kati. Ana ƙera wayar da wani ɗan guntu a cikinta, sai a sauke masa bayanan layi ta intanet, galibi ta hanyar haska lambar QR da kyamara. Ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta duniya, GSMA, ta fitar da ƙa'idarsa ta wayoyin jama'a a 2016, kamfanin Apple ya sa shi a iPhone tun 2018, a Najeriya kuwa MTN da 9mobile suka fara gwada shi a 2020 da izinin hukumar NCC. Daga nan aka samu kamfanoni irin su Airalo da Holafly da suke sayar wa matafiya data ta ƙasar da za su je. Mutum yana zaune a Gumel zai sayi data ta Saudiyya ta kwana 15 ko 30, ya biya da katin banki, jirgi na sauka a Jidda ko Madina wayarsa ta kama sabis. Yawancin irin wannan layi data ce zalla, babu lambar kira a kansa, amma WhatsApp ɗin mutum yana ci gaba da aiki da lambarsa ta gida. Wanda ya aiko masa saƙo daga Gagarawa ba zai ga wata alama da ke nuna ya ƙetare teku ba.

Ta fuskar ciniki abin ba shi da wuyar warwarewa. Sayen amfani ne na ƙayyadajjen lokaci da ƙayyadajjen farashi, kuma idan an san adadin data da ranar ƙarewarta, babu jahilcin da zai ɓata cinikin. Inda ake bukatar gyara shi ne tallan da ke cewa data ba ta da iyaka alhali ana rage mata gudu bayan an kai wani adadi. Wannan sharaɗi haƙƙin mai saye ne a bayyana masa shi tun kafin ya biya. Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce ta matsayin matafiyin kansa. Shari'a ta sauƙaƙa wa matafiyi abubuwa da dama: ya yi ƙasaru, ya haɗa salloli biyu a wasu halaye, ya ajiye azumin Ramadan ya rama daga baya. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim ya siffanta tafiya da yanki na azaba, domin tana hana mutum ci da sha da barci yadda ya saba. To, wanda ya tafi cikin jirgi, ya sauka a masauki mai na'urar sanyaya ɗaki, yana ganin fuskar 'ya'yansa a waya safe da yamma, har yanzu matafiyi ne?

Ƙasar Gumel wuri ne da wannan tambaya take fitowa fili, saboda iyaka tana bakin ƙofa. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma kafin a dawo da fadar zuwa garin Gumel a tsakiyar ƙarni na 19 tana Tumbi ne, wanda yau yake cikin Nijar. Dangi ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Kowace Alhamis kasuwar Maigatari tana cika da shanu da raƙuma da tumakin da aka koro daga arewa, ana ciniki da naira da sefa a rumfa guda. Da yawa daga cikin fatake da dillalai suna riƙe da waya mai layi biyu, ɗaya na Najeriya ɗaya na Nijar, kuma a kusa da iyakar waya takan kama sabis na ƙasar da mai ita bai taka ba tukuna. Mafi yawan ƙananan wayoyin da ake riƙewa a nan ba sa ɗaukar eSIM, amma bukatar da ta haifar da shi sun daɗe da saninta.

Daga Gumel zuwa Maigatari kilomita ashirin ne da 'yan kai. Wanda ya tashi daga Gumel ya ƙetara iyaka zuwa wani ƙauye na kusa don gaisuwar mutuwa, a lissafin kamfanin waya ya fita ƙasar waje, kuma za a caje shi kuɗin baƙo. A lissafin fiƙihu kuwa bai yi tafiyar da za ta ba shi damar ƙasaru ba. Mazhabar Malikiyya, wadda ake karantawa a zaurukan wannan yanki cikin Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani da Muhtasar na Halil, ta sa nisan ƙasaru baridi huɗu, wato mil 48, abin da malaman wannan zamani suke ƙiyastawa da kilomita 80 ko ɗan sama da haka. Shi kuwa ɗan kasuwar da ya tashi daga Gagarawa zuwa Kantin Kwari a Kano, bai canza layi ba, bai nuna wa kowa takarda ba, amma ya wuce wannan nisa, don haka zai sallaci azahar da la'asar da isha'i raka'a bibbiyu da zarar ya bar gidajen garinsu. Zai ci gaba da haka har ya dawo, sai fa idan ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya sauka. Iyakar ƙasa ba ta shiga wannan lissafi ko kaɗan. An rufe iyakar Maigatari a Agustan 2019 aka buɗe ta a Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, duk wannan bai ƙara wa matafiyi raka'a ɗaya ba, bai kuma rage masa ba.

Dalilin haka yana cikin wata ƙa'ida ta malaman usulu. Sun bambanta tsakanin abin da aka rataya hukunci a kansa da hikimar da ta sa aka shar'anta shi. Hikimar ƙasaru ita ce ɗauke wahala, amma wahala ba ta da ma'auni: abin da ya gajiyar da dattijo bai kai ya sa saurayi gumi ba. Shi ya sa aka rataya hukuncin a kan abin da kowa zai iya gani ya auna, wato tafiyar kanta. Manomin da ya wuni yana huɗa cikin rana a Sule Tankarkar ya fi mai zaune a jirgi shan wuya nesa ba kusa ba, amma shi zai cika sallarsa, na cikin jirgi ya yi ƙasaru. Wannan tambaya ma ba sabuwa ba ce. Ayar ƙasaru a Suratun Nisa'i, aya ta 101, ta ambaci tsoron abokan gaba, sai Ya'ala ɗan Umayya ya tambayi Sayyidina Umar yadda ake ci gaba da ƙasaru alhali an samu zaman lafiya. Umar ya ce shi ma abin ya taɓa ba shi mamaki har ya tambayi Annabi (SAW), aka amsa masa da cewa wannan kyauta ce daga Allah, a karɓe ta. Imam Muslim ne ya ruwaito. Idan gushewar tsoro bai ɗauke rangwamen ba, gushewar kewa saboda waya ba zai ɗauke shi ba. Mai ganin cewa tsoron Allah ne ya ƙi yin ƙasaru don tafiyarsa ta yi daɗi ya bar sunna mai ƙarfi ne a mazhabarsa, yana zaton ya ƙara lada.

Sai dai akwai hukuncin da wayar take taɓawa kai tsaye. An hana wanda ya daɗe ba ya gida ya faɗo wa iyalinsa cikin dare ba zato, kamar yadda ya zo a hadisin Jabir cikin Bukhari da Muslim, don a ba matar gida damar kimtsawa, kuma kada dawowar ta zama kamar bincike. Imam Nawawi a sharhinsa na Muslim ya bayyana cewa idan labarin isowar mutum ya riga shi zuwa, kamar wanda ya taho cikin babban ayari da kowa ya san ranar shigarsa gari, babu laifi ya shigo a kowane lokaci. A nan hanin ya rataya ne a kan ba-zata, kuma saƙo ɗaya daga filin jirgin sama na Dutse ya isa ya kawar da ita. Hanin tafiyar mutum shi kaɗai a hanya mai hatsari kuwa yana nan, domin malamai sun danganta shi da bukatar wanda zai taimaka idan ciwo ya kama, ya tsare kaya, ya yi sutura idan ajali ya zo. Waya tana iya kiran taimako inda akwai sabis, amma ba ta ɗaga wanda ya faɗi.

Akwai kuma wani ɗan abin lura game da lokaci. Layin eSIM na matafiya sau da yawa yana bi da data ta wata ƙasa ta uku kafin ta shiga intanet, har wani shafi ya ɗauka mutum yana inda bai taɓa zuwa ba. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu. Lokacin salla da na buɗe baki na inda jikin mutum yake ne, ana gane shi da rana da kiran sallar garin, manhajar waya kuwa mai taimako ce da za ta iya kuskure.

Inda maganar ta fi zurfi shi ne aikin Hajji, domin a can rabuwa da gida tana cikin manufar tafiyar. Kafin jirgin sama ya karɓe jigilar alhazai a tsakiyar ƙarni na 20, mutanen ƙasar Hausa da Barno suna bi ta Chadi da Darfur har gaɓar Bahar Maliya a ƙasa ko a kan jaki, suna tsayawa aikin ƙodago a hanya don neman guzuri. Tafiyar takan ci shekaru, wasu kuma ba su dawo ba, zuriyarsu na nan a Sudan har yau. Mai niyya yakan biya bashi, ya yi wasiyya, ya bi gida-gida yana neman a yafe masa, ana rabuwa da shi kamar yadda ake rabuwa da wanda ba a sa ran sake gani. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a Ihya'u a kan yanke alaƙa da abin da aka bari a baya, ya kwatanta fitar alhaji daga gida da fitarsa daga duniya, haraminsa kuma da likkafani. A wancan zamani nisan hanya ne yake yanke alaƙar, ko mutum ya so ko bai so ba.

Yau nisan ba ya yanke komai. A shekarun 2024 da 2025 Hajji ya faɗo ne a farkon damina: ranar Arfa ta 2024 ta kama 15 ga Yuni, ta 2025 kuma 5 ga Yuni, daidai lokacin da ake jiran ruwan shuka a arewacin Jigawa. Alhaji yana kwance a tantin Mina wayar za ta yi ƙara. Ƙaninsa ne yake tambaya ko a shuka gero a gonar gabas ko a bar ta ga riɗi. Kafin ya ajiye, saƙon murya ya shigo cewa maƙwabci ya ci iyakar gona da kunya biyu, ga kuma mai taki yana neman cikon kuɗinsa. Aya ta 197 ta Suratul Baƙara ta hana mai harami batsa da saɓo da jayayya. A da jayayyar da ake tsoro ita ce ta abokin tafiya a kan ruwa ko wurin shimfiɗa. Yanzu mutum yana iya tafka rigima da wanda ke Gagarawa alhali yana sanye da harami, bai ɗaga murya ga kowa a tantin ba. Hajjinsa bai ɓaci ba a hukunce, amma ya tauye abin da ya biya miliyoyin naira ya je nema. Haka batun riya. Nuna wa mahaifiya Ka'aba ta kiran bidiyo don ta yi farin ciki sada zumunci ne, wanda ake fatan lada a kansa. Ɗaga waya ana ɗawafi don a nuna wa duniya, ana tare wa na baya hanya, wani abu ne dabam, kuma mai yi ya fi kowa sanin wanne yake yi.

Duk da haka, cewa alhaji ya bar waya a gida ba shawara ce mai kyau ba. Izinin shiga Rauda a Madina ta manhajar Nusuk ake nemansa. Tantunan Mina kamarsu ɗaya, dattijon da ya ɓace a hanyar jifa kuma ba ya jin Larabci babu abin da ya fi masa amfani irin wayar da ke da data da lambar jami'in tawagarsa. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50 a Makka, hukumomin Saudiyya suka tabbatar da rasuwar mutum fiye da 1,300. A irin wannan yanayi kiyaye rai yana gaba da duk wata fa'ida ta kaɗaici. Ayar da ta hana jayayya ita ce kuma ta yi umarni da riƙon guzuri, kuma layin da zai sada mutum da jama'arsa yana cikin guzurin wannan zamani.

Abin da ya sauya shi ne, yanke alaƙar da hanya take tilasta wa alhazan da, yanzu ta koma hannun alhaji, shi zai yi ta da niyya da shiri. Shirin kuwa ba sabo ba ne a fiƙihu: wakilci ne. Mai tafiya ya naɗa wanda zai tsaya masa a kan gona da kasuwa da cefanen gida, ya ba shi cikakken iko, ya sanar da iyali cewa daga 8 zuwa 13 ga Zulhajji ba za a kawo masa wata magana ba sai ta rai da lafiya. Ya bar layinsa a buɗe don tawaga, ya rufe bakin sauran zaurukan WhatsApp. Ana koya wa maniyyata yadda ake ɗaura harami da yadda ake jifa a bitar da Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Jigawa take shiryawa kafin tashi. Ya kamata malaman bita a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar su ware zama guda ga wannan babi, su kuma gayyaci iyalan maniyyatan, domin yawancin kiran da ke shiga tantin Mina daga gida yake fitowa.