Hakkin Wanda Aka Fara Gwaji A Kansa

Kowane magani da ake sha yau, da kowane aikin fiɗa da likitoci suka ƙware a kai, akwai ranar da aka fara gwada shi a jikin wani mutum, alhali ba wanda ya san yadda za ta kaya. In baligi ne mai hankali, sai a tambaye shi, ya yarda ko ya ƙi. To, in jariri ne fa, wanda ko sunansa bai sani ba? Wannan tambaya ta fi tsanani a wajen ciwon zuciya na haihuwa, gama cikin jarirai 100 da ake haifa, kusan guda ɗaya yakan zo da wata naƙasa a zuciyarsa.

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, da bango a tsakanin sashen dama da na hagu. Wani yaro akan haife shi da huji a jikin bangon nan, jinin da ya kamata ya tafi jiki sai ya riƙa kwarara yana komawa huhu. Yaron ya yi ta haki, ba ya ƙiba, ba ya rabuwa da tari. Maganin abin a fili yake, watau a ɗinke hujin. Amma ba a iya ɗinki sai an buɗe zuciya an kawar da jini daga cikinta, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jure rashin jini fiye da 'yan mintoci kaɗan.

A shekarar 1954 wani likita na Jami'ar Minisota a Amurka, Walton Lillehei, ya fito da wata dabara bayan shi da abokan aikinsa sun daɗe suna gwada ta a kan karnuka. Sai a kwantar da uba ko uwa kusa da yaron, in jininsu ya dace, a haɗa jijiyoyinsu da tiyo da famfo. Jinin yaron ya bi tiyo ya shiga jikin mahaifinsa, huhun mahaifin ya wanke shi, sa'an nan a komo da shi. Ta haka uba yake numfashi domin ɗansa har a gama ɗinki.

Ran 26 ga Maris 1954 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara guda, aka haɗa shi da ubansa. Ɗinki ya yi kyau, amma bayan kwana 11 ciwon huhu ya kashe yaron. Likitan bai daina ba. Daga wannan rana zuwa Yuli 1955 an yi wa mutum 45 aikin, yawancinsu ƙananan yara, 28 suka fita asibiti da ransu. Cikin iyaye da sauran masu ba da aron jikinsu ba wanda ya mutu, sai dai wata uwa da iska ta shiga jijiyarta bisa kuskure, ƙwaƙwalwarta ta taɓu, ba ta kuwa koma daidai ba. Wani babban likita na zamanin ya yi ba'a, ya ce ga aikin da zai iya kashe mutum biyu a kan majinyaci ɗaya.

Masu zargi suna da hujja mai ƙarfi. Sun ce farkon abin da ke wuyan likita shi ne kada ya cuci kowa, ga shi kuwa an ɗauko lafiyayye an kwantar da shi a bakin kabari. Sun ce yardar iyaye a irin wannan hali ba cikakkiyar yarda ba ce, domin wanda ɗansa ke mutuwa a gabansa, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Wace uwa ce za a ce mata jininta zai ceci ɗanta, ta iya buɗe baki ta ce a'a, ko da zuciyarta na tsoro? Sun kuma ce shi likita yana da rabo a cikin gwajin, gama in an dace sunansa ne zai ɗaukaka, in ba a dace ba kuwa ɗan wani ne za a binne.

Masu kariya su ma ba su rasa abin faɗi ba. Sun ce barin yaron ba tsira ba ce, mutuwa ce mai jan lokaci. Na'urar da ke tsaya wa zuciya da huhu, wadda Likita John Gibbon ya yi nasara da ita sau ɗaya a 1953, ba ta riga ta zama abin dogara ba, har shi kansa ya janye bayan majinyata biyu sun mutu a hannunsa. Da aka bi sawun mutanen nan 45 bayan shekara 30, an sami 22 suna raye. Waɗannan rayuka ne da aka yi tsammanin ba za su yi nisa ba. Abin da aka koya a kansu kuma shi ne ya buɗe hanyar da dubban yara suka bi daga baya.

To, ina gaskiya take? Mai hankali ba zai ce a hana gwaji ba, domin da an hana, da har yanzu ana binne yaran da ɗinki kaɗan zai warkar. Ba zai kuma ce amfanin na baya ya wanke duk abin da aka yi wa na gaba ba, domin yaro ba tsani ba ne da za a taka a hau. Gwaji yana halatta ne in an cika waɗansu sharuɗɗa. Na fari, a tabbata shi wannan yaron da kansa ake fatan ya amfana, kuma babu wata hanya da ta fi ta aminci. Na biyu, a gama duk abin da za a iya koya a kan dabbobi tukuna. Na uku, a gaya wa iyaye gaskiya tsantsa, har da yawan waɗanda suka mutu kafin ɗansu, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi, a kuma nuna musu cewa in sun ƙi ba za a juya wa ɗansu baya ba. Na huɗu, kada mai gwajin ya zama shi ne alƙalin kansa, sai waɗansu da ba su da rabo a ciki su duba. An ce wanzami ba ya son jarfa. Likitan da ba zai yarda a yi wa ɗansa abin ba, bai kamata ya yi wa ɗan wani ba. Na biyar, a rubuta hasara kamar yadda ake rubuta nasara, kuma ran da hanya mafi sauƙi ta samu a bar tsohuwar. Lillehei ya cika wannan na ƙarshe, gama a 1955, da na'urar da abokin aikinsa Richard DeWall ya ƙera ta tabbata, sai ya daina haɗa yara da iyayensu.

Yawancin sharuɗɗan nan sun shiga rubuce, tun daga ƙa'idodin Nurembag na 1947 zuwa sanarwar Helsinki ta 1964. Amma takarda ba ta da idon da za ta ga fuskar uba sa'ad da yake sa hannu. Wannan sai likita mai jin tsoron alhaki.

Saura hakki guda wanda yake kan na baya. Yaron da aka yi wa aikin zuciya yau ya tashi yana wasa, da iyayensa, da likitansa, duk bashi ke kansu na yaron nan da ya rayu kwana 11, da na uwar da ta kwanta lafiya ta tashi da naƙasa. Ba a iya biyan su. Abin da ya rage shi ne a riƙe amanar yaron da za a fara gwada sabon magani a kansa gobe, a auna ransa da mudun da ake auna na waɗanda za su amfana a bayansa.